Hijabin da Kakata ta Turara

Shekarun baya can, ina aji biyar a wata sakandaren 'yammata ta gwamnati a cikin birni, an taɓa hana ni shiga mota saboda ƙamshi. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, ni ma yanzu ina taya shi. A ranar dai kuka na yi har idanuna suka kumbura. Bari in ba ku labarin tun daga tushe.

Makarantarmu jeka-ka-dawo ce, kuma lokacin da na shiga ba ta da suna mai kyau ko kaɗan. A unguwarmu ta Koki "'yan ƙarfe goma" ake ce mana, don sai rana ta ɗaga muke fitowa, muna tafe muna cin awara. Yunifom kuwa kowa da irin nata. A takarda an ce shuɗiyar riga da wando da farin hijabi, amma shuɗin wata ruwan bula ne, na wata ya kusa zama baƙi, hijabin wata iya kafaɗa, na wata har da leshi a baki. Ana tsakiyar karatu za ka ga 'yan makarantarmu a Kurmi suna taya 'yan kunnen da ba saya za su yi ba. Idan uwa ta ce 'yarta a can take, sai ta yi maza ta ƙara da cewa ai ana nema mata canji.

Ni ba na cikin masu yawon kasuwa. Ba kirki ne ya yi min yawa ba, nawa yawon a zaune nake yin sa. Kujerata a jikin taga take, tagar tana kallon wata tsohuwar darbejiya da rufin soraye har can wajen Dala. Malami yana ta fama da lissafi a allo, ni ina bin shirwa da ido, ina ƙera wa kaina rayuwa iri-iri. Yau ni likita ce, gobe mai karanta labarai, jibi ina cikin jirgi ban ma san inda za shi ba. Sau da yawa sai an jefo min alli nake dawowa aji.

Ina aji huɗu aka kawo mana sabuwar shugaba. Sarki goma, zamani goma. Bafulatana ce 'yar Mandawari, siririya, ba doguwa ba, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Hajiya muke ce mata. Ranar farko ta sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofar makaranta, bakwai da rabi tana zaune a kai, tana kallon duk mai shigowa daga ka har ƙafa. Dokarta ba ta da yawa: hijabi fari tas har gwiwa, bajon makaranta a ƙirji, farin kambas, ba lalle, ba jan baki, ba turare kowane iri.

A asambili ta ce mana, "Mutanen gari ba sa shiga ajinku su ga abin da kuka sani. Hijabinku suke gani a lungu, da shi suke yanke mana hukunci. Duk wadda ta sa shi, sunanmu gaba ɗaya ta ɗauka a ka."

Ta mayar da yara gida ba adadi. Har wani babban mutum ya taɓa zuwa da kansa a kan 'yarsa da aka kora saboda lalle, ta ba shi kujera, ta sa aka kawo masa ruwa, ta saurare shi tsaf, yarinyar dai sai da lallen ya fita ta dawo. Mun tsane ta iya tsana. Amma a hankali wani abu ya fara shigar mu. Da safe idan muka ɓullo daga lungunan Koki da Yakasai muka haɗu a titi, fari fat kamar balbelu, sai ka ga tsofaffin da ke zaune a dakali sun bi mu da kallo. Ko ba mu faɗa ba, mun ji daɗin kallon nan.

Shekara ta zagayo, aka aiko wa makarantarmu takardar gayyata zuwa muhawarar Turanci tsakanin makarantu, wadda gidan rediyo zai ɗauka ranar Juma'a ya sa ranar Lahadi bayan la'asar. An daɗe rabon da a tuna da mu a irin wannan. Batun shi ne, tsakanin makarantar kwana da jeka-ka-dawo wacce ta fi, mu ne masu kare jeka-ka-dawo. Malaminmu na Turanci ya zaɓi mutum uku, ni ce mai buɗe magana. Ƙawata, wadda muke zama benci ɗaya, aka sa ta a matsayin ta ko-ta-kwana, idan wata ta kasa ta maye gurbinta. Hajiya ta tara mu a ofis ta ce za ta duba mu da kanta kafin mu hau bas, duk wadda aka samu da matsala a kayanta, a makaranta za ta tsaya.

Mako uku na yi ba a duniyar nan ba. Idan na hau saman soro shanya, sai in jera tattabarun maƙwabta a matsayin alƙalai in yi ta zuba musu Turanci. Ina ganin muryata tana fitowa daga rediyon telan bakin lungunmu, da ta mai shayi, da ta dattawan zaure, tana bin kwararo-kwararo, tana shiga gidajen da ban taɓa shiga ba. Ina ganin mata sun tsayar da daka suna cewa, wannan 'yar gidan wa ce? Babu abin da nake so a lokacin kamar minti biyar ɗin nan a rediyo. Ko abinci sai mahaifiyata ta yi min magana sau uku nake tuna yana gabana.

Sai kuma kakata, mahaifiyar babana, wadda muke gida ɗaya da ita. Babarbariya ce. Kakanninta ne suka zo Kano fatauci suka zauna, ita a Koki aka haife ta, amma turaren wuta bai bar jininta ba. Ɗakinta ko da rana tsaka da ɗan duhu-duhu, da hayaƙi siriri yana tashi daga kasko, yana lanƙwasa a hasken da ke shigowa ta ƙofa. Tana da kabbasa, wato wani kwando mai faɗin ido da ake kifawa a kan kaskon turare a lulluɓa tufa a kai don hayaƙin ya ratsa ta. A gidanmu ba ta tambayar kowa. Duk tufar da ta gani a kan igiya, hular babana ce ko zanen goyo, sai ta bi ta kan kabbasar nan. Na sha gaya mata an hana mu turare a makaranta, sai ta ce, "Na kwalba aka hana, na 'yan zamani. Nawa ai ba turare ba ne, tarbiyya ce." Don haka tun zuwan Hajiya nake ɓoye yunifom ɗina a ɗakin mahaifiyata.

Ranar Alhamis da yamma na wanke kayan, na sa wa hijabin bula daidai misali, na goge su da dutsen guga na gawayi ina hura toka don kada ta taɓa farin. Da na gama sai na ga idan na ninke za su yi layi. Na rataye su a kan igiyar rumfa, a ƙofar ɗakinmu, na ce ai kwana ɗaya ne.

Da asuba na yi salla na shiga wanka. Na daɗe a ciki, don sai da na maimaita jawabina sau biyu ina riƙe da soso. Ina fitowa ƙamshi ya tare ni a tsakar gida. Ba irin na kullum ba ne, wani ne mai nauyi da zaƙi, wanda ƙanwarta ta aiko mata daga Barno, wanda sai da Salla take buɗe shi. Na kalli igiya, babu komai a kai.

Na same ta a ɗaki zaune a kan buzu da carbi a hannu, fuskarta cike da jin daɗi, riga da wando da hijabina duk suna lulluɓe a kan kabbasa, hayaƙi yana fita ta gefe. Na fizge hijabin. Turaren Barebari da sukari da mai ake haɗa shi, kuma ranar ba ta yi rowa ba. A tsakiyar bayan hijabin ga wani tabo zagayayye, faɗin faifai, kalar shayi da madara.

Na ce, "Kaka, kin kashe ni!"

Ta ce, "Ke ja'ira, za ki tsaya gaban manyan mutane kina warin sabulu kamar marar gata? 'Ya'yan gidan nan ba sa fita haka."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Wa ya sa ki? Ba ki san komai a kan boko ba. Don Allah ki daina taɓa min kayana!"

Mahaifiyata ta leƙo daga madafi ta daka min tsawa, ta ce da wa nake magana haka. Kaka ta janyo kaskon ta rufe garwashin da toka. Bakwai ta wuce, babu lokacin wanki, tsohon hijabina kuwa tuni aka rage wa ƙanwata shi. Na goga jiƙaƙƙen tsumma, tabon ya ƙara faɗi. Haka na zura kayan na fita ko sallama ban yi mata ba. A lungu wata mai ƙosai ta shaƙi iska ta ce, "A'a, amaryar wa aka fito da ita da sassafe?"

A bayan ajinmu na sami ƙawata na nuna mata. Ita ce za ta hau kujerata idan aka cire ni, amma wallahi ko daƙiƙa ba ta yi tunani ba. Ta kwaso guntayen alli daga ƙasan allo, ta sa na durƙusa, ta yi ta goga min a baya har tabon ya dusashe. Ta ja baya ta duba ta ce, "Idan ba ki yi motsi da ƙarfi ba, ba za a gane ba." Ƙamshin kuwa muka yi ta kaɗa hijabin a iska, allin yana tashi, muna sake gogawa. Shure-shure dai ba ya hana mutuwa.

Bas tana tsaye a bakin ƙofa, mu huɗu muka jeru. Hajiya ta duba farcen ta farko, ta duba kambas ɗin ta biyu. Tun kafin ta iso kaina na ga ta ɗan ɗaga hanci. Ta tsaya a gabana ta ce, "Juya." Na juya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta sa yatsa ɗaya ta ɗan buga bayan hijabin, farar ƙura ta tashi ta sauka a kan baƙin takalminta. Wata a cikinmu ta ƙunshe dariya.

Malaminmu ya matso ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ita ce first speaker ɗinmu, mai buɗe magana. Ko su yi musayar hijabi da ƙawarta?"

Ta ce, "Malam, har rigarta ƙamshi take yi. Kuma ko da ba ta yi, yara nawa na mayar gida a kan abin da bai kai wannan ba? Idan na ɗaga mata ƙafa yau don muna buƙatar ta, ranar Litinin da wane ido zan zauna a kujerar can?"

Ta dubi ƙawata ta ce ta shiga mota. Ƙawata ta shiga tana waiwaye na, hannunta duk alli. Na miƙa mata takardar jawabina ta taga, bas ta tashi.

Na koma aji na kifa kai a benci na yi kuka mai isata. Da na gaji na ɗago na zuba wa taga ido. Darbejiyar tana nan tana kaɗawa, shirwa tana shawaginta kamar ba abin da ya faru. Ƙamshin nan kuma yana tare da ni, duk motsin da na yi sai ya taso, har ya fara sa ni gyangyaɗi. Ina jin haushinsa, ina kuma jin daɗinsa, don ƙamshin ɗakin da na yi rarrafe ne.

Ana kusa da tashi Hajiya ta aiko a kira ni. Ashe ba ta bi su ba. Na shiga ofis na durƙusa, ta ci gaba da rubutunta, can ta ce, "Wa ya turara miki?"

Na ce, "Kakata ce."

"Babarbariya ce ko?"

Na ce e. Sai na ga gefen bakinta ya motsa, abin da ban taɓa gani ba. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ta ce, "Na sani. Su dama ba sa jin magana. Ki gaishe ta, ki ce na ce turaren ya yi kyau, wurin ne ba nasa ba. Allin kuma kada ki sake, shi ya fi ɓata min rai. Tashi ki je."

Da na koma gida Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta, da alama tun ɗazu take jira. Ta ce, "An yi?" Na ce, "An yi," na wuce. Ba tausayinta ne ya sa na ɓoye ba, girman kai ne, ba na son maganar ta haɗa mu. Mahaifiyata kaɗai na gaya wa gaskiya, ta ce, "Ke kika ɗaura, ke za ki kwance." Na kwana biyu ina addu'ar Allah ya sa gidan rediyon ya fasa sa shirin. Ban san Kaka ta riga ta aika wa ƙawayenta ba, har ta sa an canja wa rediyonta batir.

Ranar Lahadi bayan la'asar tsofaffi huɗu suka zo, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kifa turmi aka ɗora rediyon a kai, ana ta rabon goro. Aka zaunar da ni a tsakiya kamar wata amarya. Shirin ya fara. Muryar ƙawata ta fito, da farko tana rawa, daga baya ta tsaya da ƙafarta, tana faɗin kalmomin da na yi mako uku ina gaya wa tattabaru. Babu mai jin Turanci a cikin tsofaffin. Ɗaya ta dafa ni ta ce, "Ai ga ta nan, muryarta ce sak. Kai, boko!"

Kaka ta sunkuyar da kai tana saurare. Ta bari ta biyu ta yi, ta uku ta yi, har mai gabatarwa ya faɗa da Hausa cewa makarantarmu ce ta yi nasara. Tsofaffi suka ɗauki guɗa. Ita kuwa ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

Ta ce, "Ba ta ciki. Tun kukanta na farko na san muryar yarinyar nan." Ta juyo ta dube ni. "Turaren ne?"

Na ɗaga kai, hawaye ya zubo. Ta daɗe tana juya goron da ke hannunta. Sannan ta ce, "Tashi. Abin da kika shirya gaya musu, gaya mana."

Na tashi na tsaya a gefen rijiya, ba takalmi, da ɗankwalin zaman gida. Na fara da gaishe da alƙalai kamar yadda aka koya mana, tsofaffi suka gyara zama. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a kan katanga, hayaƙin girkin maƙwabta yana ratsowa ta sama. Ban manta ko kalma ɗaya ba. Ban taɓa faɗar jawabin nan da kyau kamar ranar ba, kuma duk inda na ɗan tsaya shan iska sai su ce, "Haka ne," ko "Madalla." Da na gama suka sa min albarka kamar sun fahimci komai.

Don in sassauta abin, na isar wa Kaka da saƙon Hajiya. Ta ce, "Au, dama Bafulatana ce? To, ai shi ke nan. Me ta sani ban da warin man shanu?" Aka yi ta dariya har da mahaifiyata. Amma da baƙin suka tafi, na ga ta ɗauko hijabin da kanta, ita da ta yi shekaru ba ta wanki, ta matse lemon tsami a kan tabon tana murzawa a hankali. Na ce ta kawo in yi, ta ce in bar ta.

Kafin in gama makarantar an daina ce mana 'yan ƙarfe goma. Iyayen da suke neman canji a da, su suka dawo suna neman a ɗaukar musu ƙannenmu. Na daɗe ina jin haushin Hajiya, sai da na girma na fara riƙe mutane a wurin aiki na gane cewa da ta bar ni na hau bas ɗin nan, da kujerarta ta bakin ƙofa ta zama abin wasa. Rediyo kuwa ban taɓa shiga ba har yau, kuma bai dame ni ba. Ƙawata tana nan, duk haɗuwarmu sai ta tambaye ni ko ina bukatar alli.

Abin da bai bar ni ba shi ne maganar da na gaya wa Kaka da safen nan. Ban taɓa zama na ba ta haƙuri ba. Ina ganin ai ta wuce, ai jika da kaka ba a riƙe magana. Ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sai dai tun daga ranar, matar da ba ta taɓa neman izinin kowa a gidan nan ba, idan ta ga kayana a kan igiya, ko na Salla ne, ko na zuwa biki, sai ta tsaya daga nesa da kaskonta a hannu ta ce, "In turara miki, ko an hana?"

Kullum nakan ce, "Haba Kaka, turara mana." Takan turara. Amma ba ta daina tambayar ba har Allah ya karɓi abarsa.